Ranar da Na Wanke Kwalbar Yajin Inna

Yajin da ya rage a kwalbar bai wuce cokali huɗu ba, kuma shi ne na ƙarshe da Inna ta daka da hannunta. Ni ban san haka ba a ranar. Yaya ta sani, kuma tana tsaye a gefena a kicin, kafaɗarta tana gogar tawa, lokacin da na kifa kwalbar a cikin kwano.

Inna kakata ce ta wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka a ɗakin Inna na buɗe ido, a gidan Kawu da ke Kano, kuma ban san wata uwa ba sai ita. Yaya kuwa 'yar Kawu ce, ta girme ni da shekara uku. Ita ta riga ni zuwa Kuala Lumpur karatu, ita ta taro ni a filin jirgi, ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa da yadda ake cewa boleh idan an yarda da abu. Mu biyu muke zaune a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Cheras, kicin ɗinmu ɗan tsukuku, idan ɗaya ta sunkuya sai ɗaya ta matsa. Da za a tambaye ni a lokacin wa na fi yarda da shi a ƙasar gaba ɗaya, ba zan tsaya tunani ba.

Yajin yana zuwa ne ta hannun Anti, wata Bakanuwa 'yar kasuwa da ta daɗe a garin, wadda ɗalibai ke sayen kuka da daddawa da garin tuwo a wajenta. Sau biyu take zuwa gida a shekara, kuma ba ta dawowa sai da jaka guda ta saƙon iyaye. Nawa saƙon ba ya canzawa: kwalba ɗaya, an rufe bakinta da leda, an ɗaure da ƙyallen tsohon zanen Inna, ƙulli irin wanda sai da haƙori ake kwance shi. Inna ba ta yarda a kai mata yaji inji ba. A turmi take dakawa, tana yi tana hutawa, barkono da citta da kimba da masoro da kanumfari da ƙuli-ƙuli, da 'yar daddawar da ta ɗan gasa a garwashi. Magi kuwa ko kusa da turminta ba ya zuwa. Takan ce macen da ba ta iya daka ba ita ke ɓuya a bayan magi.

Soyayyiyar kokwamba a wani gidan abinci a Sri Petaling na fara cinta, 'yan ajinmu ne suka ja ni. Kokwamba ce da aka jiƙa a ruwan kal har ta yi tsami, wadda muke kira pikul, aka yayyanka, aka turbuɗa a fulawa aka soya, aka kawo da wata farar miya ta dangwalawa. Kokwambar ta yi mini, miyar kuwa lami ce, ba ta san inda ta dosa ba. Ina ci ina cewa a raina abin nan yajin Inna kawai yake nema. Na koma gida na shiga gwaji. Karon farko fulawar ta zame ta bar kokwambar tsirara a cikin mai. Na biyu man ya fantsamo ya ƙona mini wuyan hannu, tabon yana nan har yau. Sai a na huɗu na gane duk sirrin a tsanewa yake, muddin da ɗigon ruwa a jikinta to aikin banza aka yi.

Kowace Juma'a Kawu yakan kai wa Inna wayarsa da hantsi, lokacin mu nan la'asar ta yi, mu sha hira. Da na ba ta labarin suyar ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ƙawata, ƙosai ne ya ƙare a duniya da za ki haye teku ki koyo suyar kokwamba?"

Na ce ai yajinta ne ya rufa wa abin asiri. Ta ce to in dinga ci a hankali, don hannunta ya fara gajiya da taɓarya. Na ce tsohuwar nan son jiki ne kawai yake damunki. Amma daga ranar na kafa wa kaina doka, cokali ɗaya a kowace suya, ba ƙari. Ko Yaya ta miƙa hannu za ta barbaɗa a taliya sai na buge hannun. Ta san dokar sarai, har tsokanata take yi da ita, wai ni da kwalbar nan sai ka ce mai gadin banki.

Inna ta rasu ranar wata Asabar, saura kwana biyu in fara jarrabawar ƙarshen shekara. Kawu ya kira Yaya ya gaya mata, ya kuma ce kada in ji sai na ajiye alƙalami. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa haka kawai, sai an nemi lokaci, an tara masa mutane, sannan babba ya faɗa. Ni kaina na taɓa taya ɓoye wa wata 'yar ajinmu rasuwar yayanta har kwana biyar, ina ganin alheri nake yi mata. Don haka ba zan ce ban san al'adar ba.

Yaya kuma ta iya aikinta, wannan kam na ba ta. A yammacin ranar ta ce mu goge duk manhajojin hira daga wayoyinmu har a gama jarrabawa, ta goge nata a gabana, ni ma na bi. Da na ga idanunta sun yi ja ta ce mura ce, sanyin ɗakin karatu ya kama ta, na dafa mata shayi da citta na kai mata har gado. Juma'ar farko da ta zagayo na ɗauki waya zan kira Kawu, sai ta ce ai Baba ya ce Inna ta tafi suna ƙauye, kuma can sai an hau tudu ake samun sabis. Na yi tsaki na ce tsohuwa ba ta zama wuri ɗaya, wai hannunta ya gaji amma ƙafarta ba ta gaji ba. Yaya ta yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena, kuma ban gano inda ta samo ta ba.

Ranar Litinin ta ce mini ta gayyato Anti da ƙawayenmu biyu Juma'a da yamma, mu ɗan yi murnar gama jarrabawata, tunda Alhamis zan rubuta ta ƙarshe. Na ɗan yi mamaki, don Anti ba ta barin shago ranar Juma'a, amma daɗi ya fi mamakin yawa. Na ce to pikul zan soya musu, dama Anti ta daɗe tana cewa ba za ta yarda ana soya kokwamba ba sai ta gani da idonta. Yaya ta ce kada in wahalar da kaina, mu yi tapau kawai daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan bene, a ƙunso mana shinkafa da kaza mu hau da su. Na ce a'a.

Talata da na fito daga jarrabawa na biya kedai, kantin unguwarmu, na zaɓo ƙananan kokwamba masu tauri, waɗanda ba su tara 'ya'ya ba. Na tafasa ruwan kal da ruwa da gishiri da ɗan sukari, na jefa tafarnuwa, na juye a kansu a roba mai murfi, da ya huce na tura firij. Kwana uku suke so, ba a yi musu gaggawa. Kullum da safe kafin in fita sai na buɗe firij na girgiza robar, ina kallon yadda korensu yake dusashewa. Yanzu idan na lissafa, ranar da na jiƙa su Inna tana da kwana goma a ƙasa.

Juma'a bayan azahar muka shiga kicin. Na yanka su zagaye-zagaye, ba siriri ba, ba kauri ba. Na shimfiɗa tsumma mai tsabta a tire na jera su, Yaya tana bi tana dannawa da wani tsumman ɗaya bayan ɗaya. Ta yi aikin da kyau, ba ta tsallake ko guda ba. Na jera kwano uku, fulawa da ɗan garin masara a na farko, ƙwai da madara a na biyu, garin busasshen burodi a na uku. Hannu ɗaya na gari, ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsun mutum sai su koma kamar an yaɓa musu laka. Na ɗora mai, na jefa ɗan gari na ga ya taso nan take, sannan na fara zubawa kaɗan-kaɗan don kada man ya huce. Ina suya ina zuba surutu. Na ba ta labarin tambayar da ta kusa kayar da ni, na ce yau dai ko a kan bishiya Inna take sai an kai mata waya, don bakina cike yake da labari. Yaya ta ce uhm, ta ci gaba da tsane abin da ya riga ya tsane.

Da na kwashe kaskon ƙarshe na juya kan miyar. Mayonis, yogot marar zaƙi, ruwan rabin lemon tsami, tafarnuwa ɗaya da na goge. Kwanon ya fi na kullum girma, tunda mu biyar ne. Na sauko da kwalbar daga saman kanta, na kwance ƙyallen, na ɗebi cokalina ɗaya na juya na ɗanɗana. Bai ji ba. Na ɗaga kwalbar ina kallon abin da ya kwanta a gindinta, sai wani karamci ya taso mini, irin na wanda ya gama jarrabawa yana ganin duniya tasa ce. Na karkata ta a kan kwanon.

Yaya ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka mana. Wata mai zuwa Anti za ta gida, Inna ta dako mini wani. Yau ma zan ce mata ta fara shanya barkono."

Ta dube ni, ta dubi kwanon. Na ga bakinta ya motsa. Sannan ta ce, "To."

Na kifa kwalbar, na bubbuga gindinta da tafin hannu, na sa cokali na kankare abin da ya maƙale. Sannan na kai ta wajen wanke-wanke, don ina so in ba Anti ta mayar wa Inna a sake cikowa. Soson yana ta ɓangaren Yaya. Na ce ta miƙo mini, ta miƙo. Na wanke kwalbar da sabulu mai ƙamshin lemo har sau biyu, na kife ta. Ƙyallen zanen kuma, da yake ya sha mai, na haɗa shi da ɓawon ƙwai na ƙulle a leda, na ba Yaya ta jefa a ɗakin shara tunda za ta sauka taro baƙi. Ta karɓa ta fita da ita.

Tun daga sallamarsu ya kamata in gane. Anti ta zo da dogon hijabi da carbi a hannu, fuska ba kwalliya, ita da ko shago ba ta zuwa sai da jan baki. Ƙawayen nan biyu da kullum tun daga lif ake jiyo muryarsu suka shigo sum-sum suka zauna a ƙasa. Ni kuwa ina ta rawar kai, na dire tire a tsakiya na ce, "Makan lah, ku ci, yau za ku san an yi suya a Cheras."

Anti ta ɗauki ɗaya ta dangwala ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce Allah ya saka wa hannun da ya daka yajin nan da Aljanna. Na ce amin, amma fa ni na yi suyar, ni ma a yaba mini. Ɗaya daga cikin ƙawayen hawaye ya zubo mata, ta share da sauri ta ce, "Sorry, yajin ne." Na yi mata dariya na ce raguwa kawai, 'yar Kano guda yaji yana sa ki kuka.

Su ba su ci da yawa ba, ni ce na ci. Suyar ta yi yadda ban taɓa samu ba, waje ƙaras-ƙaras, ciki da ɗan ruwan tsaminsa, miyar ta ji yaji har ta yi ja-ja. Da ya rage guda ɗaya na ɗauka na zagaye kwanon da shi na suɗe tas, ina cewa ba a barin yajin Inna a kwano. Ina cikin taunawa wayar Yaya ta yi ƙara. Ba ta ko duba ba ta miƙa wa Anti. Anti ta matso kusa da ni, ta dafa gwiwata, sannan ta ba ni.

Kawu ne. Ya yi sallama, ya tambayi jarrabawa, ya ce in yi haƙuri, dukkanmu masu tafiya ne. Ya ce Inna ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana goma sha uku. Na ce masa ai tana ƙauye wajen suna. Na waiwaya wajen Yaya, sai na ga ta kifa kai a gwiwa tana kukan da take riƙe da shi tun waccan Asabar.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ajiye wayar a kan tire na tashi na shiga kicin, suna ta kirana. Kwalbar tana kife inda na bar ta. Na ɗauka na kai hanci, ƙamshin sabulu kawai. Na zura yatsa na zagaye wuyanta, ko ƙwaya ɗaya babu, ai wankin kirki na yi mata. Yaya ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Na tambaye ta ledar da na ba ta, ko ta ajiye a wani wuri. Ta girgiza kai ta ce ta jefa.

Na ce, "Kina tsaye, Yaya. Ke kika miƙo mini soso."

Ta ce Baba ne ya ce kada ta nuna komai, ko a fuska. Ta ce da ta hana ni da na tambayi dalili, kuma na san halina, ba na sakin magana sai na ga ƙarshenta. Saura awa biyu kawai, ta ji tsoron kada abin da ta riƙe kwana goma sha uku ya kuɓuce mata a kicin, ba Anti, ba kowa. Ta ce ita ma fa kakarta ce.

Na ce, "Kin yi mini ƙaryar mura, kin yi ta ƙauye, kin yi ta sabis. Ƙarya ɗaya ce ta gagare ki? Ki ce Anti tana da olsa, ba ta cin yaji. Shi ke nan fa."

Anti ta shigo ta kama hannuna ta mayar da ni falo, a can kukan ya zo.

Na san ita ma an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Daga baya na ji a banɗaki take kuka, tana sakin famfo don kada in ji. Mutane sun yi ta tuna mini wannan, Anti ma ta zaunar da ni ta ce ba a riƙe 'yar'uwa a kan yaji. Ba su gane ba ne. Ɓoye mutuwar na yafe tun a makon, umarni aka ba ta. Amma ba wanda ya ba ta umarni a kan kwalbar nan. Duk ƙaryar da ta yi, don ta cika maganar Kawu ta yi ta, da aka zo kan wadda za ta yi domina ni kaɗai sai ta ce to. Na ji an ci amanata, kuma ban ga amfanin nema wa abin wani suna mai laushi ba. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, kayan ɗakinta an raba tun kafin in ji. Cokali huɗun nan su ne rabona, kuma da na sani da na yi shekara ina lasarsu.

Muka ci gaba da zama tare. Muna gaisawa, muna salla a falo ɗaya, amma girki kowa nasa, har kanta muka raba biyu ba tare da mun yi maganar ba. Kwalbar na mayar da ita wurinta babu komai a ciki. Pikul kuwa na daina soyawa.

Da dogon hutu ya zo Yaya ta tafi gida. Ni na ce ina da aikin makaranta, alhali ɗakin Inna ne ba na so in gani da wani a ciki. Bayan mako shida ta dawo. Tana buɗe akwati ta ciro wata kwalba ta miƙo mini da hannu biyu, an rufe bakinta da leda, an ɗaure da ƙyallen atamfa. Ta ce a cikin kwallar da Inna ke ajiye kayan ƙamshi aka samo shi, ragowar dakan ƙarshe ne, mahaifiyarta ta ɓoye mini.

Zan faɗi gaskiya, na so ya zama haka. Na rungume kwalbar, na rungume Yaya, karo na farko tun waccan Juma'ar. Ƙullin ya kwance da yatsa biyu, na ga hakan na kau da kai. Ban ɗanɗana ba a ranar. Na sauka kedai na sayo kokwamba na jiƙa, na jira kwana ukun nan, don ina so mu haɗu da yajin a inda muka rabu. Ranar suya Yaya ta tsaya a gefena tana tsane su kamar da. Na haɗa miyar, na auna cokali ɗaya cif, na kare da tafin hannu don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa. Muka zauna a falo da tire a tsakaninmu. Na dangwala na kai baki.

Yaji ne mai kyau. An sa kimba, an sa masoro, har daddawar an gasa. Wanda ya yi shi ya yi ƙoƙari, kuma da gani ya tambayi yadda ake yi. Amma laushinsa na inji ne, kuma can a ƙarshen harshe ga ɗan zaƙin nan da ba ya ɓuya.

Yaya tana kallona, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta ce, "Ya kika ji?"

Na ce, "Inna ba ta sa magi."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce a hankali, "Ke kika ce ƙarya ɗaya ce ta gagare ni."

Na ce mata a waccan ranar nake buƙatarta. Na tashi na ɗauki sabuwar kwalbar na ajiye a ɓangarenta na kanta, kusa da gishirinta. Ta yi ta barbaɗawa a taliya har ya ƙare, ban taɓa buge mata hannu ba.